Kamfani ya ƙi kundin, ya dawo ya saya: muhawara kan Yankee Hotel Foxtrot na Wilco

Auwal: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda makon nan muna kan maganar kundayen waƙa da aka sha wuya kafin su fito, ga nawa: Yankee Hotel Foxtrot na ƙungiyar Wilco ta birnin Shikago a Amurka, kundinsu na huɗu. Ga wanda bai san labarin ba, sun naɗe shi ne a ɗakin aikinsu da suke kira The Loft, daga ƙarshen 2000 zuwa farkon 2001. Da suka miƙa wa kamfaninsu Reprise, sai kamfanin ya ce ba zai fitar da shi a haka ba. Su kuma suka kafe cewa ba abin da za su taɓa. Aka raba gari, suka fita da aikinsu a hannu. Ranar 18 ga Satumban 2001 suka ɗora shi gaba ɗaya a shafinsu na intanet, kowa ya saurara kyauta. Daga baya kamfanin Nonesuch ya ɗauke su, kundin ya shiga kasuwa ranar 23 ga Afrilun 2002, ya faɗa lamba 13 a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, da kwafi sama da 55,000 a makon farko. Abin da ya sa labarin ya yi suna shi ne, Reprise da Nonesuch duk a ƙarƙashin Warner suke. Gida ɗaya ne ya biya kuɗin aiki ɗaya har sau biyu.

Damuwata ita ce, duk inda aka ɗauko zancen kundin nan, rigimar kamfani ake bayarwa a tashi. Ni kuwa ina ganin wannan labarin ya danne abin da ya faru a cikin ɗakin naɗi, kuma ya danne sunan mutumin da ya fi kowa shan wahalar aikin, wato Jay Bennett, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar a lokacin. Me kuke gani?

Nura: Wa alaikumus salam. Malam Auwal, kafin mu yi nisa, ina da ja. Mun ce mawaƙa masu zaman kansu za mu tattauna, waɗanda ba babban kamfani a bayansu. Su Wilco da kuɗin Warner suka fara aikin, da kuɗin Warner suka ƙare. Ina cin gashin kan a nan?

Zainab: Yaya Nura, duba tsakiyar labarin. Daga lokacin da suka bar Reprise zuwa Nuwamban 2001 da suka sa hannu da Nonesuch, ba su da kamfani ko ɗaya, kuma faifan nasu ne. A wannan tsakanin suka saki kundin a intanet, suka fita yawon wasa. Sannan a ɗakinsu suka naɗa, ba wani wakilin kamfani da ke zaune yana cewa a ƙara wannan a rage wancan. Kuma a 2011 sun kafa kamfaninsu na kansu, dBpm. Ni wannan ya ishe ni.

Nura: To, na bar wannan, amma ban sauka daga ra'ayina ba. Ku ci gaba.

Zainab: Ni kuma ga Malam Auwal zan juya. Ba na jin labarin kamfanin ƙaramin abu ne da za a ture gefe. A Janairun 2001 aka kammala haɗewar kamfanin intanet na AOL da Time Warner, uwar kamfanin Reprise, aka shiga tsuke bakin aljihu, aka sallami ɗaruruwan ma'aikata a ɓangaren waƙa. Shugaban Reprise, Howie Klein, wanda shi ne mai tsaya wa Wilco a cikin gida, ya bar kujerarsa daidai lokacin da suka kawo aikin. Waɗanda suka rage lissafi ɗaya suke yi: wace waƙa ce gidajen rediyo za su ɗauka? Kuma ba karon farko ba ke nan. A kundinsu na baya, Summerteeth na 1999, kamfanin ya sa an sake gyara waƙar "Can't Stand It" don ta shiga rediyo, suka yarda, waƙar kuma ba ta yi wani tasiri ba. Shi ya sa a karo na biyu Jeff Tweedy, jagoran Wilco kuma mawaƙinta, ya ƙi. Ya riga ya gwada bin shawararsu ya ga inda ta tsaya.

Da farko an yi maganar su biya dala 50,000 su karɓi faifansu, daga ƙarshe kamfanin ya sakar musu ba tare da sun biya ko sisi ba, ga jaridu sun fara caccakar sa. Mawaƙi nawa ne ya taɓa fita daga babban kamfani da aikinsa a hannu kyauta? Dole a riƙa ba da labarin.

Auwal: Ban ce kar a bayar ba, 'yar uwa. Cewa na yi ya cinye sauran. Bari in shiga ɗakin naɗin ku gani.

Bennett ya shigo Wilco ne a tsakiyar shekarun 1990. Yana kaɗa jita, yana buga fiyano da duk wani abu mai madannai, kuma shi ne mai zama gaban na'ura yana naɗa. A wannan kundin, kalmomin duka na Tweedy ne, amma a waƙoƙi 8 cikin 11 da sunan Bennett a jerin waɗanda suka tsara kiɗan. Tsarin aikinsu shi ne su naɗi waƙa a sauƙaƙe, sannan su warware ta, su sake ginawa ta wata fuskar, su jibga mata sautuka iri-iri har sai ta zama wani abu daban. Akwai waƙoƙin da aka naɗa a siga da yawa, mai sauri da mai sanyi, mai jita da mai fiyano. Duk wanda ya taɓa kwana a sutudiyo ya san irin wannan aikin mutum ɗaya yake faɗa wa a ka, wanda zai zauna bayan kowa ya tafi gida yana jera layukan sauti. Da aikin ya kammala, a watan Agustan 2001, aka ce masa ya tafi. Kundin ya fito, duniya ta yaba, shi yana waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Baba Ilu: 'Ya'yana, ku yi mini uzuri in katse ku. Ni ba ma'abocin irin wannan kiɗan ba ne, jikana ne ya sa ni a zauren. Amma sunan kundin ya tsaya mini a rai. Wannan ai irin kiran haruffan da sojoji da matuƙan jirgi suke yi ne a oba-oba. Me ya haɗa shi da waƙa?

Auwal: Ranka ya daɗe, ka gano. Haruffa uku ne, Y da H da F. Akwai wasu tashoshi a rediyo mai gajeren zango da ba su da suna, ba su da mai gabatarwa, sai dai murya tana karanto lambobi ko haruffa, ta yi shiru, ta sake. Ana kyautata zaton hukumomin leƙen asiri ne ke aika saƙo ga mutanensu ta haka. Wani ƙaramin kamfani a Ingila, Irdial, ya tattara irin waɗannan muryoyin ya fitar a 1997 da sunan The Conet Project. Tweedy ya kamu da sauraronsu. A ƙarshen waƙar "Poor Places" za ka ji muryar mace tana maimaita kalmomin nan uku, hayaniya tana taso mata har ta rufe komai. Ba su nemi izini ba kuma, Irdial ya kai ƙara, aka sasanta a 2004.

Baba Ilu: Ikon Allah. To yanzu na fahimci abin da ke cikin kunnen mutumin. Mu da muka tashi da gajeren zango mun san wannan sautin. Da asuba kana murɗa akwatin kana neman sashen Hausa na BBC ko Muryar Jamus, tsakanin tasha da tasha sai ka ji shuuu, da fito, da wata murya daga nesa cikin harshen da ba ka sani ba, ta matso ta koma. Wani lokacin sai ka riƙe eriya da hannu kafin maganar ta fito. Ka san akwai mai magana, ka san da wani yake, amma saƙon yana zuwa maka rabi da rabi. Idan wannan ya so ya sa a waƙa, ba shirme ya yi ba.

Zainab: Baba, wallahi ka faɗi abin da kundin yake a kai. Yawancin waƙoƙin mutum ne yake son ya gaya wa wadda yake ƙauna abin da ke ransa, maganar tana kakkarye masa. "Radio Cure" ma kan nisa tsakanin masoya take.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni dai ku bar ni in faɗi gaskiyata ko da za ku yi mini ca. Na saurari kundin daga farko har ƙarshe saboda wannan muhawarar, kuma ban ga abin da ake zuzutawa ba. Waƙar farko kusan minti bakwai, ganga tana tafiya kamar za ta faɗi, ƙararrawar agogo tana kaɗawa, mawaƙin yana waƙa kamar wanda aka tasa daga barci. Ta ƙarshe kuma, "Reservations", waƙar ta ƙare amma an bar mu da mintuna na amo kawai. Da ni ne ma'aikacin Reprise, ni ma da na tambaye su ina waƙar take. Ina ganin tausayi ne ya sayar da kundin nan. Mutane sun ji an zalunci mawaƙa, suka saya don su rama musu.

Nura: Ɗan Maraɗi bai yi ƙarya duka ba. Ba kowane mai sharhi ne ya yaba ba. Kundin ya zo na ɗaya a ƙuri'ar masu sharhi ta Pazz & Jop ta jaridar Village Voice a 2002, amma shi Robert Christgau da ke jagorantar ƙuri'ar a lokacin bai ɗauke shi da wani girma ba. Shafin sharhin waƙa na Pitchfork kuma suka ba shi maki 10 cikin 10 cif. Ka ga ra'ayi ya rabu tun a lokacin, sai dai masu yabo sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Anti Rabi: Ƙannena, akwai abin da ba ku taɓo ba, kuma ina ganin ya yi tasiri a yadda Amurkawa suka karɓi kundin. Ranar da aka fara tsayarwa don fitar da shi ita ce 11 ga Satumban 2001. Rigimar kamfani ta hana. Mako guda bayan harin New York da Washington suka ɗora shi a intanet. Yanzu ku duba abin da mai sauraro ya tarar: waƙa mai suna "War on War", wata "Ashes of American Flags", ga "Jesus, Etc." da ke ambaton dogayen gine-gine suna girgiza. A bangon kundin kuma hoton tagwayen benaye ne, na Marina City da ke Shikago, masu siffar totuwar masara. An rubuta waƙoƙin an naɗe su watanni kafin harin, ba ruwansu da shi. Amma mutanen da ke cikin firgici da makoki sun ji kamar da su ake. Wannan ba tausayin mawaƙa ba ne, Ɗan Maraɗi. Mutane ne suka sami abin da ya yi daidai da halin da zuciyarsu take ciki.

Ɗan Maraɗi: Anti, na karɓi wannan. Amma kin ga ke ma kin taimake ni. Idan sai an haɗa da rigimar kamfani da harin Satumba kafin kundin ya yi daɗi, ashe ba kiɗan ne ya yi aikin ba.

Anti Rabi: A'a, ban ce sai da su ba. Su suka jawo kunne, kiɗan ya riƙe shi. Yau fiye da shekara ashirin, yaran da ba a haifa ba a 2001 suna sauraro. Ka koma ka saurari "Jesus, Etc." ita kaɗai, da gogenta mai taushi, ko "Heavy Metal Drummer" da ke tuna ƙuruciya da zuwa kallon makaɗa a bakin kogi. Waƙoƙi ne sarai, kana iya rera su kana wanke-wanke. Abin da ke ba ni mamaki ma shi ne yadda kamfanin ya saurari waɗannan biyun ya ce babu abin sayarwa.

Auwal: Kuma gangar da ka ce kamar za ta faɗi, da gangan ne. A Janairun 2001 suka sallami mai gangarsu na asali, Ken Coomer, suka kawo Glenn Kotche. Kotche ba ya tsayawa kan riƙe kari kawai, yana sa ƙananan ƙarafa da ƙararrawa, yana jinkirta bugu ya dawo da shi inda ba ka zata ba. Sa abin sauraro a kunne biyu ka bi gangar ita kaɗai a waƙar farko, ka manta da muryar. Za ka ji ba ta taɓa ɓacewa ba, kewaye take yi.

Zainab: To Malam Auwal, tunda ka kawo Kotche, sai mu kawo wanda ya kawo shi, kuma a nan ne zan saɓa maka kan Bennett. Jim O'Rourke, makaɗi kuma mai haɗa sauti. Tweedy ya yi wasa da shi a wani bikin kiɗa a Shikago a shekarar 2000, O'Rourke ya zo da Kotche, su ukun har suka kafa wata ƙungiya ta gefe, Loose Fur. Da aka zo haɗa sautin kundin, Bennett ne ya fara, abin ya ƙi tafiya tsakaninsa da Tweedy. Sai Tweedy ya ba O'Rourke waƙar farko ya gwada, sakamakon ya burge su, aka ba shi sauran. Mutane suna zaton O'Rourke ne ya cusa hayaniyar saboda an san shi da kiɗan gwaji. Akasin haka ne ya fi yawa, ragewa ya yi. Ya zare layuka da dama da aka jibga, a wasu wuraren ya bar murya da abu ɗaya ko biyu. Sararin da kake ji a cikin kundin, inda waƙa take numfashi, aikinsa ne. Da an bar shi yadda aka tara shi, da wataƙila wani Summerteeth ɗin za a sake samu, mai kyau amma cunkushe.

Auwal: Mai ragewa sai ya sami abin da zai rage. Wa ya tara?

Zainab: Bennett da sauran, ban musa ba. Amma ka ce shi ya fi kowa, ni kuma na ce aikin hannu da yawa ne. John Stirratt mai jitar bes yana nan tun kafuwar ƙungiyar a 1994, ga Leroy Bach, shi ma ɗan ƙungiyar a lokacin. Su ma ba a cika ambatonsu ba, kuma ba wanda ya ce an zalunce su.

Nura: Bambancin shi ne su ba a nuna su a fim suna rigima ba. Ga wanda bai sani ba, wani mai ɗaukar hoto, Sam Jones, ya bi su da kyamara lokacin aikin, ya fitar da fim baƙi da fari a 2002 mai sunan waƙar farko, I Am Trying to Break Your Heart. Akwai wurin da kowa ke tunawa: Bennett da Tweedy suna gardama a gaban na'ura kan yadda za a haɗa ƙarshen "Ashes of American Flags" da farkon "Heavy Metal Drummer". 'Yan daƙiƙoƙi ne kawai na sauti. Bennett ya nace sai ya bayyana abin da yake nufi, yana maimaitawa, Tweedy ya ce ya gane, shi bai daina ba. Daga nan Tweedy ya tashi ya shiga banɗaki ya yi amai, don yana fama da matsanancin ciwon kai tun yana yaro. Duk wanda ya kalli wannan zai fito yana cewa Bennett mutum ne mai wuyar zama. Alhali mintuna kaɗan ne aka yanko daga aikin watanni, kuma fim ɗin ya ci gaba da bin waɗanda suka rage a ƙungiyar. A nan ina bayan Malam Auwal.

Malam Sabo: A matsayina na mai kula da zaure, ina roƙon mu yi maganar mutumin da ladabi, don ya riga mu gidan gaskiya.

Auwal: Haka ne Malam, kuma ƙarshensa na cikin abin da ya sa nake jin zafin maganar. A watan Mayun 2009 ya kai Tweedy kotu yana neman haƙƙinsa na aikin da ya yi da ƙungiyar da kuma fitowarsa a fim ɗin. A lokacin yana buƙatar tiyatar ƙugu, kuɗin kuma sun yi masa wuya. Cikin watan nan ya rasu a garin Urbana na jihar Illinois yana da shekara 45, sanadin maganin kashe zafi da ya yi masa yawa bisa tsautsayi. Kundin da ya sha wahala a kai ya sayar da fiye da kwafi 500,000 a Amurka.

Anti Rabi: Abin tausayi ne ƙwarai. Amma kada mu mai da Tweedy azzalumi, Auwal. Shi ma a shekarun nan ba lafiya gare shi ba, ga ciwon kai, ga firgici, ga maganin kashe zafi da ya kama shi, har sai da ya kwanta a asibiti a 2004. Mutum biyu ne masu baiwa, kowa da nauyin da yake ɗauke da shi, kowa yana ganin ya san inda waƙar ya kamata ta dosa. Ƙungiya kuma ba ta tafiya da shugaba biyu. Rabuwar ba makawa ce. Inda zan yarda da kai shi ne, bayan an rabu, ya kamata a ci gaba da faɗin abin da ya yi da babbar murya.

Zainab: An ɗan gyara daga baya. A 2022 sun fitar da babban akwati na cikar kundin shekara 20, da sigogin farko na waƙoƙin da ba a taɓa fitarwa a hukumance ba, ya kuma ci kyautar Grammy ta kundin tarihi a 2023. A ciki kana jin yadda waƙoƙin suke kafin O'Rourke ya taɓa su. Akwai kuma fim da aka yi kan rayuwar Bennett shi kaɗai. Malam Auwal, idan ka saurari akwatin za ka sami hujjarka, ni ma zan sami tawa.

Ɗan Maraɗi: Ni tambayata ta koma kan sakin kundin kyauta. Ina da ƙane mai waƙa, kullum maganarsa ke nan, a saki aiki kyauta kuɗi za su biyo baya. Wannan labarin ba ya ƙara masa ƙarfi?

Nura: Ka gaya masa ya duba lokacin da kuma mutanen. A 2001 an rufe Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta, a watan Yuli, shagon sayar da waƙoƙi a intanet na iTunes bai buɗe ba sai 2003, kamfanoni suna ganin intanet ɓarawo ne kawai. Waƙoƙin Wilco sun riga sun fara yawo a hannun masu musayar fayil, wasu da sauti mara kyau, shi ya sa suka gwammace mutane su ji na gaskiya daga wurinsu. Sannan ba sababbi ba ne. Tweedy ya yi suna tun a ƙungiyarsa ta baya, Uncle Tupelo, Wilco kuma tana da kundaye uku da masoya masu sayen tikiti. Da suka fita wasa a ƙarshen 2001, jama'a suna rera waƙoƙin da ba a fara sayarwa ba. Wannan ne ya nuna wa kamfanoni cewa akwai kasuwa, suka yi ta zawarcinsu. Wanda ba shi da masu zuwa kallonsa, idan ya saki kyauta, kyautar ce kawai za ta tafi.

Auwal: Ƙari a kan haka, Nonesuch ba irin Reprise ba ne ko da uwarsu ɗaya. Kamfani ne da ya saba da aikin da ba ya neman rediyo, shi ya fitar da Buena Vista Social Club a Amurka, ya fitar da ayyukan Ali Farka Touré da Oumou Sangaré da Youssou N'Dour. Kwafin da Reprise zai kira asara, su a wurinsu riba ce mai kyau.

Baba Ilu: To ni dai kun sa ni sha'awa. Wacce zan fara da ita? Kunnena ba zai ɗauki hayaniya da yawa ba.

Zainab: Baba, fara da "Jesus, Etc.", sai "Kamera". Idan sun zauna maka, ka je "Poor Places" don ka ji muryar rediyon, amma ka rage ƙara kafin ƙarshenta.

Ɗan Maraɗi: Ni ma zan sake gwada waɗannan biyun da Anti ta ambata. Ta farkon dai har yanzu ban shirya da ita ba.

Malam Sabo: Madalla. Malam Auwal, ka turo mana sunayen waƙoƙi takwas ɗin da Bennett ya sa hannu a kiɗansu, don masu son su saurara su kwatanta da sauran ukun. Ranar Asabar Nura ne zai kawo nasa kundin.